Wa ya kaɗa kotson?

Aikina a nan Kalifoniya kula da tsofaffi ne a gidajensu: in ba su magani kan lokaci, in taimaka musu su yi wanka, in kai su asibiti in dawo da su. Shekara tara ke nan da na baro Talata Mafara. Cikin waɗanda na yi wa aiki akwai wani dattijo Bature da ya haura tamanin, yana zaune shi kaɗai a arewacin Los Angeles. Ranar da na fara zuwa gidansa na ga jita har bakwai jingine a bango, sai na ce masa ashe mawaƙi ne. Ya haɗe rai kamar na zage shi. Ya ce shi bai taɓa buɗe baki ya yi waƙa a gaban jama'a ba, makaɗin haya ne.

Sai da ya yi mini bayani kafin na gane. Waya za a bugo maka a ce gobe ƙarfe goma ka zo situdiyo kaza. Ka je ka tarar da mawaƙin da ba ka taɓa gani ba, a ajiye maka takarda mai zanen kiɗa, ko ma a rera maka da baki kawai, ka kaɗa. Zama ɗaya awa uku ne bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa, kuma akwai kuɗin da aka yanka wanda ba a biyan ƙasa da shi. Gwanayen da ake rububi ninki biyu suke karɓa. Ka sa hannu a takarda, ka saɓi jitarka, ka wuce wani wurin.

Wata rana ya sa na jawo masa wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ƙananan littattafai ne na rubuta alƙawari, kowace shekara da nata. Na buɗe na tsakiyar shekarun 1970, kowane shafi cunkus: ƙarfe goma, ƙarfe biyu, ƙarfe bakwai na dare, wani lokaci har da sha biyun dare, ga sunan wanda ya kira shi a gefe da fensir. Ina tafiya gaba rubutu yana raguwa. Na ƙarshe-ƙarshen, sai ka buɗe mako guda babu komai sai ranar ganin likitan haƙori.

Ina riƙe da littafin nan, hankalina yana kan kawuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya yi shekara sama da talatin yana kaɗa kotso a bayan wani makaɗin fada a ƙasarmu. Gado ne, shi ma a hannun ubansa ya koya. Bari in faɗi abin da ban cika faɗa ba: lokacin da nake sakandare ɓoye wannan nake yi, don yara na ce mini jikan maroƙa. Amma na san kotson nan kamar tafin hannuna. Na san yadda Kawu yake shanya shi a hantsi kafin su fita, yadda yake murza ɗan danƙon da ake mannawa a tsakiyar fatar da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai ya saurara, ya ƙara murzawa. In damina ce fatar ta saki, sai ya kara ta kusa da garwashi yana juyawa. Yatsunsa sun yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Irin kantar na gani a yatsun hagu na tsohon Baturen nan, duk da ya daɗe da ajiye aiki.

Dattijon ne ya fara nuna mini sunan Steve Lukather, wani makaɗin jita na haya, a jikin kwalin faifan Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982. Babu wanda ya tashi a zamaninmu bai ji wannan faifai ba, ko a Gusau ko a Birnin Kebbi, amma ban taɓa jin wani ya ambaci Lukather ba. An haife shi a 1957 a wannan yankin da nake zuwa aiki, kuma ana ƙiyasta ya yi kiɗa a faifai sama da 1,500. A waƙar Beat It, kowa shahararren mai jita Eddie Van Halen yake yabo saboda ɗan guntun kiɗan nan na tsakiya mai kama da walƙiya, wanda ya yi kyauta bai karɓi ko sisi ba. To amma jitar da ta ɗauko waƙar daga farko har ƙarshe, da jitar ƙasa mai kauri, akwai hannun Lukather a ciki, ganga kuma ta abokinsa Jeff Porcaro ce. Yadda shi Lukather yake ba da labari, an yanka tef ɗin ne aka kasa daidaita shi, sai Quincy Jones, mai shirya faifan, ya ba su muryar Michael da kiɗan Eddie, suka sake gina komai a ƙarƙashinsu. Ka ji fa, an riga an ɗora jinka, sannan aka ce su zo su gina ɗaki.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne yadda aikin ya zo masa. Ta hanyar abokai ne. Makarantar sakandare ɗaya ya yi da Steve Porcaro, ƙanin Jeff, ya riƙa shiga gidansu har ya zama kamar ɗan gida. Jeff da David Paich, da suka girme shi kuma suka riga shi shiga harkar, su ne suka riƙa faɗin sunansa a inda ake neman mai jita. Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi mawaƙi Boz Scaggs yawon wasa. A 1977 suka kafa ƙungiyarsu ta Toto, wadda ta kwashi kyautar Grammy shida a 1983. Jeff ya rasu a 1992 yana da shekara 38, ƙaninsa Mike Porcaro ya bi shi a 2015, Eddie Van Halen a 2020. Lukather yana nan, tun 2012 yana cikin makaɗan Ringo Starr, tsohon mai gangar ƙungiyar Beatles, kuma ba ya gajiya da ambaton waɗannan mamatan.

A can, jarin makaɗin haya ke nan: wa ya san ka, wa zai ce a kira wane. Yau ka yi wa wannan, gobe ka yi wa kishiyarsa, babu mai ganin laifinka. A wurinmu kuwa, da Kawu ya ɗauki kotsonsa ya bi wani mawaƙin ko na dare ɗaya ne, da an gama da shi, butulu za a kira shi har a gaban 'ya'yansa. Makaɗi da ɗan amshi na maigida ne, wato mawaƙin da ke jan ƙungiya, shi kuma maigida na sarki ne. Kowa ya san Sa'idu Faru da Sarkin Kudu Macciɗo, kowa ya san Ɗanƙwairo da Sardauna. In an ba da doki, ko riguna, ko kuɗi, hannun maigida suke shiga, shi zai raba yadda ya ga dama. Babu takarda, babu sa hannu, babu mai tambayar nawa aka bayar.

Da farko na ɗauka hukuncin a bayyane yake: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka na faɗa wa Kawu a waya, ina ta zuba, ina ba shi labarin yadda tsohon Baturen nan har yanzu ƙungiyarsu take aiko masa da fansho, wani lokaci ma har da 'yan kuɗin kiɗan da ya yi tun ban zo duniya ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "To shi wanga mutum, wa ka zuwa gaishe shi?"

Na yi shiru, don na san amsar. Ni ke zuwa, kuma biyana ake yi.

Kawu ya ce aurensa na fari maigida ya yi masa, har da lefe. Ranar sunan 'ya'yansa ragon maigida ake yankawa. Shekarar da ya kwanta ciwo bai fita ko sau ɗaya ba, kasonsa bai fasa zuwa gida ba. "Mu in maigida ya samu mun samu," in ji shi. "In bai samu ba mu kwana da yunwa tare." Shi kuwa dattijona, abokan da suka cika littattafan nan nasa, da waya ta daina ƙara yawancinsu sun watse. Ba don mugunta ba. Aikin ne ya haɗa su, da kwamfuta ta shigo mutum ɗaya ya iya haɗa kiɗan mutum goma a ɗakin kwanansa, sai manyan situdiyoyi suka fara rufewa, babu inda za a haɗu. Irin su Lukather da abotarsu ta faro tun ƙuruciya su ne suka tsira da zumunci, kuma ba su da yawa.

Saboda haka ba zan zo nan in ce mu kwaso tsarinsu dungurungum ba. Wanda ya zauna da tsofaffin ƙasar nan kamar yadda na zauna ba zai yi saurin faɗin haka ba. Amma maganar Kawu ma ba ta rufe bakina ba, domin na ga abin da ya biyo bayan rasuwar maigidansa. Ƙungiya ta watse cikin shekara guda. Kasetocinsu na nan ana sayarwa, daga baya aka zuba su a memori, yanzu suna YouTube dubban mutane na saurare. A kowanne hoton maigida ne da sunansa. Kawu yana noman ɗan gonarsa, shi ma sai in hanya ta yi lafiya, ka san halin da ƙauyukanmu ke ciki. Alherin maigida ya bi maigida kabari. Da akwai takarda, da ta rage.

Kuɗin ma a ajiye shi gefe. Sunan fa? Nan ne nake ganin muna da laifi, kuma laifin da gyaransa ba ya cin ko kwabo. Su ma Amurkawan ba da wannan hali aka haife su ba. A shekarun 1960 makaɗan da suka yi kiɗan ɗimbin shahararrun waƙoƙi a Los Angeles, irin su Tommy Tedesco da Carol Kaye, galibi ba a sa sunansu a jikin faifai. A Detroit, makaɗan kamfanin Motown sun shekara goma da wani abu suna aiki a ɓoye kafin a buga sunayensu a faifan Marvin Gaye na 1971. Zamanin Lukather ne ya tarar an fara rubutawa, shi ya sa yau ni ɗan Mafara zan iya ɗaukar kwali in karanta wanda ya kaɗa me.

Wani zai ce ai mu ma muna da namu salon, tunda mawaƙanmu kan kira sunan makaɗinsu a tsakiyar waƙa, su zuga shi, ko su yi masa ba'a. Gaskiya ne, kuma yana da daɗi. Amma wannan sai wanda maigida ya ga dama, ranar da ya ga dama. Dubi Musa Ɗanƙwairo kansa. Sunan da duniya ta san shi da shi ba nasa ba ne, na wani yaron mahaifinsa ne mai zaƙin murya, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa aka laƙaba masa. Shi ma Musan ya daɗe yana bayan wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ya rasu a 1991, sunan ya cika ƙasar Hausa, amma mai sunan na asali sai dai a ambace shi a layi ɗaya a wuce. In wanda ya ba Ɗanƙwairo suna haka ya ƙare, ina ga mai kotso na uku daga hagu?

Kuma duk wanda ya san kiɗan fada ya san ba maigida kaɗai ke yin waƙar ba. Shi zai ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci ƙarin da suke yi ya fi abin da ya fara faɗa tsawo. Dare ake rabawa ana gyara waƙa ɗaya, wannan ya kawo kalma, wancan ya ce ba ta hau kiɗa ba. Na sha yin barci a zauren su Kawu ina jin wannan gardama.

Yaran yanzu masu waƙar fiyano sun ɗan fi mu a nan, ban ƙi in yaba musu ba. Sau da yawa za ka ji an ambaci situdiyo da wanda ya haɗa kiɗan tun a farkon waƙa. Sai dai mutum ɗaya ne da na'ura, ya maye gurbin mutum shida, irin abin da ya cinye littattafan dattijona. Masu kotso da taushi da kalangu da suka rage tsufa suke yi, 'ya'yansu kuma acaba da cajin waya sun fi musu.

Da na je gida bara, na sa wa Kawu ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙinsu a wayata. Muna zaune a kan tabarma bayan la'asar, kotson yana rataye a ƙusa a cikin ɗaki, fatar ta tsage. Ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya rufe ido. Ni duk kiɗan ɗaya nake ji, dunƙule. Shi kuwa sai ya ɗaga yatsa: "Ka jiya? Wanga hannu nau na." Can kuma, "Wancan mai sauri na marigayi na, kullum sai ya riga mu, maigida ya yi ta hararar shi." Ya yi dariya har da tari.

Na ce, "Kawu, faɗa mini sunayensu duka in rubuta."

Ya ce, "Mi za ka yi da su?"

Na ce ni dai ya faɗa. Na samo biro, na juya bayan takardar maganinsa. Su bakwai ne ranar da aka ɗauki waƙar, ban da maigida. Ya kawo biyar a jere, kowanne da garinsu da sunan ubansa, ya sa nasa na shida. Na bakwai ɗin ya tsaya masa. Ya ce wani dogo ne daga wajen Bakura, mai amshi da ƙaramar murya, bai fi shekara biyu tare da su ba. Ya sa na mayar da waƙar baya har sau uku, yana nuna mini daidai inda muryar take fitowa sama da ta sauran. Aka kira magariba bai tuno ba. Ya ce in bar takardar a wurinsa, akwai wata tsohuwa a gidan maigida da za ta iya sani, zai aika a tambaye ta.