Gudun Sitol Ba Lamba Ɗaya Ba Ne

Mai harhaɗa ƙaramin jirgin sama na iya ɗauka cewa jirgi yana da wani ƙayyadadden gudu, muddin ba a yi ƙasa da shi ba, babu sitol, wato fiffike ya kasa riƙe jirgin a sama. Ba haka ba ne. Sitol na faruwa idan kusurwar da fiffike ke tarar iska ta haura kimanin digiri 15. Sai iskar ta daina bin bayan fiffiken, ƙarfin ɗagawa ya zube. Gudun da hakan ke faruwa kuwa canzawa yake yi.

Raba nauyin jirgi da faɗin fiffikensa: kilo 500 a kan murabba'in mita 12.5, kilo 40 ke nan kan kowane mita. Idan fasinja da mai suka kai shi 600, sitol ɗin da ke zuwa a kilomita 70 cikin awa zai koma wajen 77. Shi ya sa ɗora injin mota, ko ƙarfen kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a madadin alminiyam, ba ƙaramin ganganci ba ne. Shan kwana ya fi haɗari: karkata digiri 60 ba tare da rage tsayi ba yana ninka lodin fiffike, 70 ta koma kusan 99.

Ƙarfin inji yana ɗan rage gudun sitol, saboda iskar farfela na wanke fiffike. Amma in sitol ya zo a haka, hancin jirgi a sama, sau da yawa fiffike ɗaya ke fara zubewa, jirgin ya nemi wulwulawa. Sauke hanci tukuna, sannan ƙara wuta, ka daidaita da fedar da ke juya wutsiyar jirgi.