Bakano, Bazazzagi da Mawaƙan KISS

Bakano: Malam, waɗanne irin dodanni ne waɗannan a wayarka, ga wani ya zaro harshe har haɓa?

Bazazzagi: Alhaji, mawaƙan KISS ne, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a birnin New York na Amurka a 1973. Mai harshen shi ne Gene Simmons, wanda yake fesa wuta da jinin ƙarya daga bakinsa a gaban 'yan kallo. Mai tauraro a ido Paul Stanley ne, sai Ace Frehley mai shigar ɗan sama-jannati, da makaɗin gangarsu Peter Criss mai fuskar kyanwa.

Bakano: Kuma jama'a suna biyan kuɗi domin su kalli ƙato yana aman jini? A unguwarmu asibiti za a kai shi, danginsa su biya.

Bazazzagi: Suna biya, har da rububi. Sai dai zaman bai ɗore ba, domin Criss ya tafi a 1980 aka kawo Eric Carr da fuskar yanyawa, Frehley ya bi bayansa a 1982 aka ɗauki Vinnie Vincent. A 1983 kuwa suka wanke fentin gaba ɗaya, suka nuna fuskokinsu na ainihi a tashar talabijin ta MTV.

Bakano: Da mutane suka gani, ba su roƙe su su mayar da fentin ba?

Bazazzagi: Sun shekara 13 a haka, a ciki Carr ya rasu a 1991, sannan a 1996 mutum huɗun farko suka sake haɗuwa da fentinsu. A 2000 suka zagaya suna bankwana da masoya.

Bakano: Allah sarki, sun huta.

Bazazzagi: Ba su huta ba. Da Criss da Frehley suka sake ficewa, sai aka zana wa Eric Singer fuskar kyanwar, aka ba Tommy Thayer ta ɗan sama-jannatin, wasa ya ci gaba.

Bakano: Tsaya, Malam, yanzu na fara ganin girmansu. Wato shago yana nan da sunansa, yaran shago kawai ake sauyawa.

Bazazzagi: Saura ma. A 2019 suka fara wani bankwanan, wanda bai ƙare ba sai Disambar 2023 a zauren Madison Square Garden, inda suka sanar cewa siffofinsu na kwamfuta za su gaje su. A 2024 kamfanin Pophouse na ƙasar Suwidin ya saye waƙoƙin da sunan da fuskokin.

Bakano: Sun sayar da bankwana sau biyu, sannan sun sayar da fuskar da ruwa da sabulu ke wankewa! Ka bincika mini asalin Simmons ɗin nan, domin ina zargin a Kantin Kwari ya tashi.

Bazazzagi: A Haifa ta ƙasar Isra'ila aka haife shi, Alhaji.

Bakano: To, a Kwari aka yaye shi. Da Bazazzagi ne, bankwana ɗaya zai yi, kyauta, ya kuma raka baƙin har tasha da kuɗin aljihunsa.