Gubar dalma a Zamfara: a saka mutanen ƙauye cikin bincike

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, zancen kuɗin shiga da masu zuba jari ne ya cika kunne, amma da wuya ka ji ana tambayar wanda zai sa ido kan ƙasar da yara ke wasa a kanta. Da an tada maganar sai a ce aikin ƙwararru ne, kamar dai ƙwararrun suna kwana a Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar dalma ta shafa.

Ya kamata masu wannan ra'ayi su tuna 2010. Kafin gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutanen yankin sun lura agwaginsu na ƙarewa, kuma iyaye mata ne suka fara ganin 'ya'yansu na jijjiga a gidajen da ake daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma. Bayanin yana hannun jama'a tun da wuri, sai dai babu wanda aka ɗora wa rubuta shi, balle inda za a kai shi, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka iso suka tarar da sababbin kaburburan yara.

Abin da ake kira kimiyyar jama'a ke nan: talaka ya lura, ya rubuta bisa tsari, masani ya tantance. Ba baƙon abu ba ne, domin 'yan sa-kai sun yi shekaru suna tattara bayanan tsuntsayen Najeriya tare da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Masu cewa bayanan wanda bai yi boko ba ba abin dogaro ba ne, su gaya mana nasu bayanan da suka tara daga ƙauyen Dareta da gubar ta shafa a bara.

Gaskiya ne ido ba ya ganin dalma, sai an auna jini da ƙasa, amma ido ne ke nuna wa na'ura inda za ta dosa, musamman yanzu da 'yan bindiga suka hana jami'ai shiga ƙauyuka da dama. A horar da malaman makaranta da ungozomomi su riƙa rubuta mutuwar dabbobi da rashin lafiyar yara, ko da ajami ne, a biya su ladan wahalarsu, kuma a wajabta wa jami'o'in Gusau da Talatar Mafara su riƙa mayar wa kowane ƙauye da sakamakon abin da ya aiko.