Sabuwar shekara a Edinbura, ni dai ku bar ni da jirgin ƙasa

Sau biyu ina zuwa kallon wasan wutar da ake yi a bakin kogin Tems a Landan daren sabuwar shekara, a na biyun na ce na tuba. Tun 2014 sai da tikiti ake shiga wajen, a killace ku awa uku ko huɗu cikin sanyi ba wajen zama, wuta ta tashi minti goma sha wani abu shikenan, sai kuma wahalar neman hanyar gida. Shi ya sa da abokina ya ce mu gwada Edinbura, babban birnin Sikotland, ban yi musu ba. Amma shi wai jirgin sama zai hau don ya fi sauri. Na ce to Allah ya kiyaye hanya, mu haɗu a can.

Ranar 30 ga Disamba da safe na nufi tashar jirgin ƙasa ta King's Cross a Landan. Tafiyar kilomita 630 ce da ɗan ɗoriya, wajen awa huɗu da rabi. Nasa awa ɗaya da 'yan mintuna ne a sama, ban ƙi ba, amma a lissafa da zuwa filin jirgi da layin bincike da cire bel da zaman jira, sannan in an sauka sai an sake neman abin hawa zuwa cikin gari, ni kuwa tashar Waverley da na sauka a tsakiyar gari take, kana haurowa ga titin Princes ga tsohuwar fadar Edinbura a kan dutse tana kallonka. Ya riga ni da minti arba'in, kuma ban da gajimare ba abin da ya gani.

In za ku je ku nemi kujerar taga ta hannun dama, kuma ku hau na safe, don a ƙarshen Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi a can. Bayan garin Yok za ka ga babbar majami'ar Durham a kan tudu, sai gadojin Niyukasil, daga nan kuma sai teku, wallahi wani wajen kamar jirgin zai tsoma ƙafa a ruwa. A Berwick akwai wata doguwar gada mai baka 28 da aka buɗe tun 1850, a nan na ajiye wayata na zuba ido kawai.

Wata tsohuwa ce kusa da ni da fulas ɗinta na shayi, ita ta wayar min da kai. Su mutanen Sikotland Hogmanay suke ce wa bikin sabuwar shekara, kuma a da ya fi musu Kirsimeti girma, don sai 1958 Kirsimeti ta zama ranar hutu a Sikotland, har yau kuma 1 da 2 ga Janairu duka hutu ne. Ta ce wanda ya fara taka ƙofar gida bayan sha biyun dare shi ke kawo sa'ar shekara, an fi son dogo mai baƙin gashi riƙe da gawayi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, ɗana kai ka dace. Na ce Iya ai in baƙin gashi ne kun samu, tsayin ne dai sai haƙuri.

Kar in yi muku ƙarya, can ma da tikiti ake shiga babban taron titin, ga masu shaye-shaye, ga iskar da ke ratsa jaket har ƙashi, sanyin Landan wasan yara ne. A 2024 ma iskar ce ta sa aka soke bukukuwan waje gaba ɗaya. Amma garin tudu ne, ka samu waje mai tsayi ka ga wutar na tashi daga saman fadar ba wanda ya matse ka, kuma sha biyu na bugawa mutanen da ba su san ka ba sai su kama hannunka ana waƙa. A Landan kowa wayarsa ya ɗaga sama.

Da za mu dawo abokin nawa ya ce shi ma jirgin ƙasan zai bi ya ga tekun da na ishe shi da labarinsa. Na bar masa tagar, wannan karon ta hagu. Ko Berwick ba mu kai ba ya fara minshari, sai a Yok ya farka yana tambayata ko mun wuce wajen.