Nasiha: Kafin A Miƙo Maka Takardar Kuɗin Asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku ɗan ba ni aron hankalinku, maganar ta daɗe tana cina a rai, kuma kaina na fara yi wa ita kafin kowa.

Wata huɗu da suka wuce wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka buga min ƙofa, na fito sai ga maƙwabcina tsaye ko takalmi bai saka daidai ba, ƙafa ɗaya nasa ɗaya na matarsa. Ɗan adaidaita sahu ne, mashin ɗin ma ba nasa ba, kullum sai ya kai balans kafin ya san me ya samu. Ya ce Malam iyalina ce, naƙuda tun la'asar, yanzu jini ya ɓalle. Muka ɗauke ta sai asibiti. Ba zan faɗi sunan asibitin ba don ba shi ne damuwata ba, kuma gaskiya ma'aikatan da muka tarar sun yi ƙoƙari. Likita ya duba ya ce sai tiyata, yanzu yanzu, sannan a nemo jini leda biyu. Aka miƙo masa takardu uku, ta kuɗin aiki, ta magani da kayan aiki, ta gwaji. Ya laluba aljihu, dubu goma sha ɗaya ce duk abin da ya mallaka a daren nan.

Abin da har yau ban manta ba shine yadda ya zauna a bakin baranda ya ciro wayarsa yana bin sunaye da babban yatsa, ya tsaya a kan suna ya ɗan jima yana kallo, sai ya wuce. Ya sake tsayawa, ya sake wucewa. Na ce ka kira mana. Ya ce wannan na ci bashinsa ban biya ba, wannan kuma zai ce ban yi tanadi ba wata tara ina kallon ciki. Waɗanda ya daure ya kira, wasu waya a kashe, wasu ta yi ta ringin har ta katse, ɗaya ya ɗauka ya ce Allah ya sauke ta lafiya, in gari ya waye za mu yi magana. Jini kuwa bai san gari ya waye ba.

Allah cikin ikonsa aka haɗa, ni na ba da abin da ke hannuna, wani mai shayi a bakin get da bai taɓa ganinmu ba ya ba da jini, da asuba aka jinginar da wayar tasa, kafin azahar keken ɗinkin matar ya bar gidan. Ta rayu, yarinyar ma ta rayu, alhamdulillah.

Toh ga inda nake so mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi. Ranar suna gidan nan cika ya yi. Atamfa, sabulu, omo, kayan jarirai, har da masu anko. Wasu daga cikin waɗanda wayarsu ta yi ta ringin a daren nan su ne a gaba gaba wajen cin naman suna, ragon ma kuma bashi ya ciyo ya saya don kar a ce. Ban ce kayan barka haramun ba ne, a'a, alheri ne. Amma wallahi da rabin abin da aka kashe ranar ya zo a wancan daren, da keken ɗinkin da take ciyar da yara da shi yana nan a ɗakinta.

Haka muke fa. Mutum zai kwanta wata biyu ana neman kuɗin wankin ƙoda ko na magani, 'yan uwa kowa ya noƙe, ranar da ya cika sai ka ga an kafa rumfa, an jero kujeru, buhun shinkafa daga nan, katan katan na ruwa daga can, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Wa ake ciyarwa? Shi dai mamacin lokacin da yake buƙatar dubu ashirin ta allura bai gan ta ba. Ihu bayan hari kenan.

Manzon Allah SAW ya ba mu labari a hadisin da Muslim ya rawaito, ranar alƙiyama Allah zai ce ya ɗan Adam na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Bawa ya ce ya Ubangiji ta yaya zan duba ka alhali kai ne Ubangijin talikai? Sai Allah ya ce ba ka san bawana wane ya yi rashin lafiya ba ka je ka duba shi ba, da ka je da ka same ni a wurinsa. Mu yi tunanin wannan sosai. Dubiya ibada ce, ko da hannu biyu ka je kana da lada in sha Allah, ban hana ba. Amma in kana da hali, ka je ka tarar da takardar magani a ƙarƙashin filo kwana biyu ba a sayo ba, ka ce sannu Allah ya ƙara sauƙi ka ajiye lemo da ayaba ka fita, anya kuwa? Tambayi mai jinya a gefe, a hankali ba a gaban mutane ba, ka ce me aka rubuta da ba a samu saya ba. Sau da yawa su ma kunya ce ta hana su faɗa.

Kuma kar mu ɗauka matsalar maƙwabcina ce shi kaɗai ko sakacinsa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, ma'ana ranar da ciwo ya zo ranar za ka nemo kuɗin. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya har yau ba ta kai ba. Daga 2023 kuma da aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, kamfanin magani na GSK ya tattara ya bar ƙasar, kowa shaida ne yadda kuɗin magani ya haukace, masu asma da masu ciwon suga da hawan jini su ne za su ba ka labari. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun 2024, shi ma ga mai albashin kenan, ina ga mai faci da mai sayar da ruwa da manomi? Ciwo ɗaya in ya zo da gaske sai ya cinye gona, ya cinye jari, ya cire yara daga makaranta. Shi yasa mutum zai zauna yana ta kemis da jiƙe jiƙe yana cewa zai wuce, ba wai jahilci ba ne kullum, tsoron takardar nan ne, sai abu ya ci jiki sannan a kwashe shi ranga ranga lokacin kuɗin ya ninka.

Yanzu bari in taɓo maganar da na san wasu za su ce Malam ka fara. Akwai masu cewa tanadi don ciwo rashin tawakkali ne, wai kana kira wa kanka ciwo. Subhanallah. Wanda ya zo da raƙuminsa ya tambayi Annabi SAW in ɗaure ko in sake in dogara ga Allah, me aka ce masa? Ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Annabi Yusuf AS shekara bakwai ya sa ana adana hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari da ba su zo ba tukuna, akwai wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu? Kuma an ce mana mu ribaci biyar kafin biyar, a ciki har da lafiyarka kafin ciwonka da wadatarka kafin talaucinka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna yin adashe shekara guda don kayan ɗaki, muna tara na ragon layya tun Rajab, amma a ce a ware ɗari biyu a sati saboda asibiti sai mu ce Allah ya tsare. Amin, Allah ya tsare, amma in ya jarrabe ka fa?

Hadisin da ya fi taɓa ni a wannan babin shine na Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, yana Bukhari da Muslim. Annabi SAW ya ce su in guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tattaro abin da kowa ke da shi a mayafi guda, su raba daidai da mudu ɗaya, sai ya ce su nawa ne ni ma nasu ne. Ka ji fa yabo. Ba masu kuɗi ba ne, kowa ɗan abin da ya rage masa ya kawo. Daga irin wannan malamai suka ɗauko hujjar takaful, wato inshorar taimakekeniya, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta hana inshorar kasuwanci amma ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake zuba kuɗi da niyyar kyauta don a agaza wa wanda abu ya samu. Don haka wanda kalmar inshora ke ba shi tsoro ya je ya tambayi malaminsa bambancin, kar ya yanke hukunci daga majalisar shayi.

Tsare tsaren ma suna nan, mu ne ba ma bibiya. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta mayar da NHIS zuwa NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Kano tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya KSCHMA, Kaduna tana da KADCHMA, sauran jihohi ma da irin nasu, kuma ba na ma'aikatan gwamnati kaɗai ba ne, ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu zai iya biya na shekara. A ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka ware, wallahi da mun san wannan tun tana zuwa awo da mun tambaya ko asibitin da za ta haihu yana ciki. Ba zan yaudare ku ba, ba komai katin inshorar ke ɗauka ba, wani lokacin ka je a ce maganin babu sai ka sayo a waje, ga layi, kuma ba ranar da ka yi rajista yake fara aiki ba. Amma rabin nauyi a sauke maka ai ba ɗaya yake da ka ɗauka duka kai kaɗai cikin dare ba.

Masu asibiti da ma'aikata, ku ma ku ji tsoron Allah. Mun san ba da ruwa kuke sayo kayan aiki ba, dizal ma kaɗai ya isa. Amma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi taimakon gaggawa ga wanda ke tsakanin rai da mutuwa, kafin ita kuma akwai dokar Allah. A ceci ran tukuna sannan a yi lissafi. Wanda kuma ya ranta wa ɗan uwansa kuɗin jinya, Allah ya ce in mai bashi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi, in kun yafe ma shi ya fi muku alheri. Ba wai sati biyu da sallamo mara lafiya ka fara aiko yaro ba.

Kai kuma da abin ya sama, daina kashe kanka da kunya. A hadisin Ƙabisa an ambaci mutum uku da roƙo ya halatta gare su, har da wanda masifa ta cinye dukiyarsa da wanda talauci ya kama shi mutanen kirki na unguwarsu suka shaida. Ka faɗa wa liman, ka faɗa wa mai unguwa. Abin da dai ba na so shine wannan ɗabi'ar ta ɗaukar hoton mara lafiya tsirara rabi a watsa a Facebook da WhatsApp, mutum yana da mutunci ko yana kwance. Su kuma 'yan damfara masu ɗaukar hoton wani su liƙa lambar akawun ɗinsu, ku sani kun sa mutane sun daina yarda da masu gaskiya, wannan alhakin kaɗai ya ishe ku.

Mu dai a masallacinmu bayan abin nan ya faru mun zauna bayan isha'i mu kamar goma sha biyar. Muka ce kowane magidanci ɗari biyu duk Juma'a, mai hali ya ƙara, kuɗin ba na gini ba ne ba na kafet ba, na asibiti ne kawai. Mutum uku ke riƙe da shi, a rubuta a littafi, duk ƙarshen wata a karanto a gaban kowa saboda mun san halin kanmu da kuɗin jama'a. An yi gardama sosai kan ko bashi za a dinga bayarwa ko kyauta, har wani dattijo ya yi fushi ya tashi, daga baya ya dawo. Muka tsaya a kan kyauta, wanda Allah ya buɗa masa daga baya ya dawo da abin da ya sauƙaƙa. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, tiyata ɗaya za ta iya share shi tas, amma sati uku da suka wuce da shi aka biya ƙarin jinin wani yaro mai sikila da tsakar dare ba tare da ubansa ya bi sunaye a waya ba.

Maƙwabcin nawa shi ne na farko da ya zuba, ɗari biyu duk ta cukurkuɗe daga cinikin ranar. Har yanzu bai gama biyan bashin ba, ya karɓo wayar dai, keken ɗinkin kuwa wanda ya saya ya ce zai mayar in an kawo kuɗinsa kafin ƙaramar sallah. Ku sa shi a addu'a.