Kada 'yan jazz su sallami mai ba da labari

A 1936, a birnin Mosko, Sergei Prokofiev ya tsara wa yara kiɗan labarin Peter da kyarkeci. Kowa a labarin da abin kiɗansa: tsuntsu sarewa, kyanwa kilarinet, kyarkeci ƙahonni uku, agwagwa kuma obo, wata 'yar'uwar algaita mai sanyin murya. Mai ba da labari yana gefe, in ya faɗa, kiɗa ya amsa.

'Yan jazz, wani salon kiɗa da ya samo asali a Amurka, sun daɗe suna juya wannan aiki yadda suka ga dama, wasu kuma na ƙorafin an ɓata shi. Ni ban ga ɓarna ba. Prokofiev ya yi shi ne don yaro ya koyi tantance muryoyin kayan kiɗa, kuma saksofon ma murya gare shi. Damuwata ita ce masu cire mai labarin.

A 1966 Jimmy Smith ya buga shi a Amurka da ogan, abin kiɗa mai kama da piyano, Oliver Nelson ya yi masa tsari, babu magana ko ɗaya. Kiɗan ya yi armashi, ban musa ba. Amma da na kunna wa 'yata, ta yi ta gyaɗa kai, can ta ɗago ta ce, "Baba, yaushe kyarkecin zai zo?" Ya zo tuntuni, har ya wuce.

Ƙungiyar Amazing Keystone Big Band ta Faransa ta bi wata hanya a 2013. Ta sauya kayan kiɗan, ta ratsa salon jazz iri-iri, amma ta bar labarin a bakin ɗan wasa Denis Podalydès. Wannan ce hanyar da nake goyon baya.

Na san akwai wahala. Mai busar jazz yakan ƙirƙiri abinsa nan take, ya ja zare yadda ransa ya so, mai karatu daga takarda kuwa sai ya katse shi. Maganin shi ne a samo mai labari mai kunne, irin tsohuwar da ke tatsuniya ta san inda za ta dakata yara su yi amshi.

A ƙarshen labarin, ana tafiya da kyarkeci gidan namun daji, sai wata siririyar busa ta ɓullo can ƙasa-ƙasa. Agwagwa ce, tana kuka a cikin cikinsa, don da ranta ya haɗiye ta. In ba a ce wa yaro ya kasa kunne ba, ba zai san tana nan ba.