A biya shi raunin kafin a ba shi haƙuri

A Maraɗi, idan aka daki mutum a bakin aikinsa, tawagar ba da haƙuri kan riga likita isa wurinsa. Ɗan dako ne fasinja ya shara wa mari a tasha kan gardamar dala ashirin, ko mai gadi ne ɓarayi suka sara da adda a ƙofar sito, ko yaron shago ne ubangidansa ya zabga wa wayar wuta don lissafi bai cika ba, ko malamar asibiti ce dangin majiyyaci suka shaƙe saboda suna ganin an yi musu jinkiri, duk labarin hanya ɗaya yake bi. Kafin la'asar an samo dattijo biyu ko uku, an je wurin mahaifinsa ko yayansa, an ce shaiɗan ne ya shiga tsakani, an danƙa masa jika biyar na magani. Shi kuma a gaban manya ba shi da bakin cewa komai sai "na bar wa Allah". Bayan sati uku, sa'ad da kunnen ya ƙi ji ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, babu ɗaya cikin dattawan nan da zai sake tako ƙofar gidan, kuma idan ya tada maganar shi ne za a kira marar kunya.

Ba sulhu nake ƙi ba. Garin da babu masu sulhu ba ya zaunuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke fara neman yafiya tun ba a auna ɓarnar ba, kuma muna nemanta daga bakin wanda cin abincinsa na gobe ke hannun wanda ya cuce shi. Yafiyar da aka karɓa a irin wannan hali ƙwace ce, ko da an yi ta da sallama da addu'a.

Masu cewa neman diyya rashin tawakkali ne, karatun zaure da kansa yana ƙaryata su. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai wasiƙar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu. A ciki an yanke diyyar rai raƙuma 100, ido ɗaya 50, hannu 50, ƙafa 50, kowane yatsa 10, haƙori ɗaya 5. Mai karatu ya tsaya ya tambayi dillali a kasuwar dabbobi ta Dakoro nawa raƙumi biyar suke yau, sannan ya waiwayi jika biyar ɗin da aka miƙa wa yaron da aka fasa wa baki. Haka nan Buhari ya ruwaito labarin Rubayyi'u, wadda ta karya haƙorin wata yarinya. Danginta suka nemi a yafe, aka ƙi. Suka nemi a karɓi diyya, aka ƙi. Da aka je gaban Manzon Allah bai tsawata wa mutanen yarinyar ba, bai ce musu su ji kunyar manya ba. Cewa ya yi hukuncin Allah shi ne kisasi. Sai da haƙƙinsu ya tabbata a hannunsu, sannan su da kansu suka sauko suka yarda. Malamanmu na Malikiyya ma sun san ƙa'idar da ke cikin Risala, cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin a ranar farko babu wanda ya san abin da raunin zai bari. Mu kuwa a ranar farkon muke rufe magana.

Kotunan Nijar ba da raƙuma suke hukunci ba, amma su ma ba su ɗauki jikin ma'aikaci a banza ba. Dukan mutum ko ji masa rauni da gangan laifi ne a dokar hukunta laifuka, ko a titi aka yi shi ko a cikin shago, kuma zaman mutum ubangida bai ba shi lasisin ɗaga hannu ba. Ana kai ƙara komisariya ko jandarmeri, daga nan takardu su wuce hannun mai gabatar da ƙara a babbar kotun Maraɗi. Abin da mutane da yawa ke tsallakewa a nan shi ne bambancin tara da diyya. Tarar da alƙali ya ci mai laifi baitulmalin gwamnati take shiga. Wanda aka daka ba zai ga ko dala ba sai ya tashi a cikin shari'ar ya ce shi ma yana neman a biya shi, ya faɗi abin da ya kashe, da kwanakin aikin da ya rasa, da naƙasar da aka bar shi da ita. Alƙali ba ya ba mutum abin da bai nema ba. Shi ya sa za ka ji an ce "me zan ƙaru da shi idan an kulle shi?", alhali a zama guda ake iya yanke hukunci a kuma yanke diyya.

Dokar hulɗar jama'a ta ƙara wani abu mai amfani. Sashe na 1382 ya ce duk wanda ya jawo wa wani asara da laifinsa dole ya gyara ta. Sashe na 1384 kuma ya ɗora wa mai ɗaukar aiki alhakin ɓarnar da mutanensa suka yi a cikin aikin da ya sa su. Ke nan idan shugaban leburori ne ya kai wa lebura duka a wurin gini, mai kwangilar ba zai kakkaɓe riga ya ce shi bai nan lokacin ba.

Sai kuma asusun CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wanda yawancin ma'aikatanmu suka ɗauka na fansho ne kawai da kuɗin yara. Tun 1965 yake riƙe da reshen haɗarin aiki, kuma a wannan reshe mai ɗaukar aiki ne kaɗai ke zubi, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Haɗarin aiki a doka shi ne duk abin da ya sami mutum saboda aikinsa ko a lokacin aikinsa, ko mene ne sanadinsa, har da wanda ya same shi a hanyarsa ta zuwa ko ta komawa gida. Don haka mai gadin da ɓarayi suka sara, da mai zuba mai da wani direba ya nausa, da direban kamfanin da ƴan bindiga suka tare a hanyar Madarunfa ko Gidan Rumji, duk maganarsu tana shiga nan. Wajibi ne mai ɗaukar aiki ya sanar cikin awa 48. Asusun yana ɗaukar kuɗin jinya, yana biyan rabin albashin yini a kwana 28 na farko, daga nan kashi biyu cikin uku, idan kuma naƙasa ta zauna ana yanka wa mutum abin da zai riƙa karɓa gwargwadonta. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin daban.

Kada wani ya zaci arziki ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma jika 42 a wata. Idan ka raba shi kwana 30, sefa 1,400 ne a yini, rabinsa 700. Mai iyali ba zai ci da 700 ba, balle ya biya haya. Saboda haka abin da asusun ke bayarwa bai wanke wanda ya yi dukan ba. Shi ma sai an bi shi.

Na san abin da za a ce mini: cikin ƴan dako da yaran shago da masu gadin Maraɗi, mutum nawa ne aka yi wa rajista a CNSS? Kaɗan ne ƙwarai, kowa ya sani. Amma rashin rajistar laifin ubangida ne, ba na yaro ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ba ta ce sai da takarda a hannu mutum yake zama ma'aikaci ba. Wanda ke aiki ƙarƙashin umurnin wani ana biyansa, ma'aikaci ne, kuma yana iya tabbatar da hakan da shaidu, da maƙwabtan shago, da saƙonnin waya. Ofishin sufeton ƙwadago na jiha shi ma da sasantawa yake farawa, sai dai sasantawarsa a rubuce take. Idan ta gagara a wuce kotun ma'aikata, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Wanda aka kora don ya yi ƙorafin an dake shi yana da wata diyyar daban ta korar da ba ta da dalili. Ga marar halin ɗaukar lauya kuma akwai hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a.

Duk wannan yana tsayuwa ne ko yana rushewa a kwana biyun farko. Mutanenmu idan ƙashi ya karye wurin maɗori suke nufa, kuma ni ba na raina aikin maɗori, amma maɗori ba ya ba da takarda. Takardar likita, wadda ke faɗin irin raunin da yawan kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba, ita ce alƙali ke dubawa, ita ce asusun ke nema, ita ce kuma ke hana mai laifi cewa ai ɗan taɓa shi kawai ya yi. Kumburi yana sacewa, shaidu suna mantawa, wasu ma a je a ja musu kunne. Wanda aka daka ya je asibiti a ranar, ko babban asibitin jiha ko wanda ya fi kusa, ya ɗauki hoton raunin da wayarsa tun jini bai bushe ba, ya adana takardar magani da rasiɗin farmasi da hoton ƙashi, ya riƙe sunayen waɗanda suka gani. Yin haka bai tilasta masa zuwa kotu ba. Yana iya yafewa bayan wata guda idan ya so. Amma wanda bai riƙe komai ba, ba shi da abin yafewa, sai abin da aka ga dama aka ba shi.

Akwai wata hujja da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Kasuwancin Maraɗi a kan amanar ubangida da yaro aka gina shi. Alhazai da yawa da muke gani yau a haka suka tashi: yaro ya yi shekaru yana hidima, maigida ya ciyar da shi, ya yi masa aure, ranar sallama ya ba shi jari. Yaron da ya kai ubangidansa komisariya ya san ya yi sallama da wannan jarin, kuma wataƙila babu wani mai shago a layin da zai sake ɗaukarsa. Uwarsa ma ita ce za ta fara roƙonsa ya bari. Ba wauta ce ke sa shi shiru ba, lissafi ne, kuma lissafinsa daidai ne. Don haka ban ga adalci ba a ce yaro ɗan shekara goma sha tara shi kaɗai zai ɗauki nauyin gyaran wannan al'ada. Kuma ubangidan da ya ɗauki kansa uba, ya tuna Anas ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10 ko tsaki bai taɓa ji daga gare shi ba, Nana A'isha kuma ta shaida bai taɓa dukan mai hidima ba.

Abin ya fi muni ga ƴan mata masu aikin gida da ake kawowa daga ƙauyuka. Su ba su da maƙwabcin shago da zai shaida, dukan a bayan katanga ake yinsa, wani lokaci kuma abin ya wuce duka ya kai ga cin mutunci da ba a iya faɗa. Dokar ƙwadago ta haramta matsa wa ma'aikaci da neman lalata a wurin aiki, fyaɗe kuma babban laifi ne. Wannan ba maganar da dattawa za su kashe a zaure ba ce da kuɗin mota da turmin atamfa, kuma duk wanda ya shiga tsakani don a rufe ta ya san ya taya mai laifi ne.

Nauyin yana kan waɗanda ake kira idan abu ya faru: masu unguwa, limamai, shugabannin ƴan kasuwa da na tasha, da ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN waɗanda ya kamata muryarsu ta kai ga wanda ba shi da takardar albashi. Dattijon da aka taso don ba da haƙuri yana da ikon da yaron ba shi da shi. Yana iya cewa: "Alhaji, ba za mu je ba sai an kai yaron nan asibiti an karɓo takarda." Yana iya cewa a biya jinya yanzu, albashinsa ya ci gaba da tafiya muddin yana kwance, maganar diyya kuma a dakata sai likita ya ce ga inda raunin ya tsaya. Idan an daidaita a rubuta, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, a kuma rubuta cewa ba za a kore shi saboda wannan ba. Sannan a tambayi mai raunin shi kaɗai, ba a gaban ubangidansa ba, ko ya yarda. Idan ya ce bai yarda ba, a bar shi ya tafi kotu, kuma kada wani ya je gidan uwarsa da dare.